Darasi: Abin da Hanci Ke Ji a Abinci da Abin da Ba Ya Ji

Tsawon zama: awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: ƙananan kwanuka huɗu masu murfi, ɗan daddawa, ɗan nono, guntun busasshen kifi, shinkafar da aka dafa tun safe, da ƙwayar masara cikin gwangwani.

Manufa: a ƙarshen zaman kowace mace ta san daga ina warin lalataccen abinci yake fitowa, ta san inda hanci yake da amfani da inda ba a dogara da shi, sannan ta iya lissafin kwantai a sana'arta.

Me ya kawo maganar abinci cikin littafin adashe?

In kuka duba littafin rance na ƙungiyarku, za ku ga da yawa daga cikinmu abinci muke sayarwa da kuɗin da muka ara: ƙosai, waina, awara, alala, dambu, shinkafa da wake, fura da nono, kunun aya, zoɓo, soyayyen kifi. Jari ne mai saurin juyawa, amma kuma mai saurin lalacewa. Atamfa in ta yi kwantai, gobe tana nan yadda take. Alala in ta yi kwantai, sai mai ita ta tsaya ta yanke shawara: a zubar, a ɗumama a sayar, ko a ba yara.

Na sha tambaya a wurin zama, yaya kuke gane abinci ya lalace? Amsar kusan ɗaya ce: a buɗe a shinshina. Wannan amsa akwai gaskiya a cikinta, amma ba ta cika ba, kuma a ragowar da ba ta cika ba ne ake samun amai da gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a shekarar 2015 cewa duk shekara kusan mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci, 420,000 daga cikinsu suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikin masu mutuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Su ne yaran da ke sayen awararmu da kuɗin tara, su ne kuma ke cin abin da ya rage a gida.

Daga ina wari yake fitowa?

A jikin abinci, da hannunmu, da ruwa, da ƙasa, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Ana ce musu bakteriya. Rayayyu ne: suna ci, suna hayayyafa, suna fitar da abin da suka ci, kamar kowace halitta. Daga cikin abin da suke fitarwa akwai sinadarai marasa nauyi da ke tashi su bi iska, kamar yadda ƙamshin humra ke cika ɗaki in an bar kwalbar a buɗe, ko yadda ake jin kananzir tun daga bakin ƙofa. In waɗannan sinadarai suka shiga hanci, sai mu ce abu ya yi wari.

Kowane irin bakteriya da irin abin da yake fitarwa, gwargwadon abincin da ya samu. Warin ruɓaɓɓen ƙwai sinadari ɗaya ne mai ɗauke da farar wuta. Ƙarnin nan mai ƙarfi da kifin ƙanƙara ke yi in ya narke ya daɗe a faranti wani sinadari ne daban, wanda bakteriya ke samarwa daga abin da ke cikin tsokar kifin teku. Ɗoyin mushe shi ma nasa daban, yana fitowa ne in bakteriya sun cinye tsoka. Tsamin da kunu ke yi in ya wuni kuwa, sukarin da ke ciki ne suka mayar da shi tsami.

Hausawa tun da can sun rarrabe waɗannan. Muna da wari, da ɗoyi, da ƙarni, da hamami, da zarni, da bashi irin na nama, da yami irin na kunu. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Masana sun ce a hancin ɗan Adam akwai nau'in majiyar ƙamshi kusan 400. Saboda haka in hancinki ya ce miki abinci ya juya, ki yarda da shi. Kada ki ɗanɗana don ki tabbatar, kada ki ƙara yaji da magi don ki ɓoye.

Sai dai ba kowane wari ne na cuta ba. Daddawa bakteriya ne suka yi ta. Su ne ke cin kalwa a kwanakin da aka rufe ta, su ba ta warin nan da muke nema a miya. Nono ma bakteriya ne suka mayar da madara shi, kuma tsamin da suka sa masa yana rage wa miyagun ƙwayoyi ƙarfin yaɗuwa. Kun ga ke nan akwai bakteriya masu yi mana aiki, akwai masu ɓata abinci, akwai kuma kashi na uku, masu sa ciwo.

Inda hanci ya gaza

Hausawa na cewa hanci bai san daɗin gishiri ba. To, bai san guba ba ma. Bakteriyan da ke ruɓar da abinci har ya yi wari, yawanci ba su ne ke kwantar da mutum ba. Masu kwantarwar sukan yi aikinsu ba wari, ba yauƙi, ba sauyin kala.

Dalili shi ne yawa. Kafin nama ya fara wari, sai bakteriya sun kai kusan miliyan goma a ɗan wurin da bai wuce faɗin farcen yatsa ba. Amma akwai wani mugun nau'in ƙwayar da ake kira Ikolai, wadda ke fitowa daga kashin shanu ta shiga nama ko ɗanyar madara ko ganyen lambu, da ƙasa da guda ɗari ma sun isa su sa yaro gudawa da jini. Guda ɗari ba za su taɓa yin warin da hanci zai ji ba. Wato cuta tana riga wari isowa.

Ga uku da suka fi shafar sana'armu.

Ta farko tana zaune a fatar mutum, da cikin hanci, da ƙurji ko yankan wuƙa a yatsa. Likitoci na ce mata Sitaf. Tana shiga abincin da ake taɓawa da hannu bayan an dafa, kamar fura wajen cura ta, da dambu, da naman da ake yayyagawa. In abincin ya zauna a ɗumi, sai ta zuba guba a ciki. Wanda ya ci yakan fara amai cikin 'yan awanni. Abin tsoron shi ne, ɗumamawa tana kashe ƙwayar amma ba ta kashe gubar.

Ta biyu tana zuwa ne tare da ɗanyar shinkafa da sauran hatsi daga gona. Tana da wani ƙoƙon kariya da take shiga, wanda tafasa ba ta fasa shi. In shinkafa ko taliya ta huce aka bar ta a tukunya, sai ƙwayar ta farka ta hayayyafa, ita ma ta zuba gubar da wuta ba ta kashewa. Shinkafar tana nan fara tas, ƙamshinta lafiya lau.

Ta uku ita ce Salmonela, mai zuwa daga kaji, da ƙwai, da kashin dabbobi. 'Yar uwarta ce ke kawo zazzaɓin taifot ta ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa. Wuƙar da aka gyara kaza da ita, in aka yanka albasa da kabeji ba a wanke ba, ta isa.

Kada mu ɗauka wannan matsalar ƙauye ce kawai. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, fiye da mutum dubu sun kamu da wata ƙwaya mai suna Listeriya, fiye da 200 suka mutu, da yawansu jarirai. An gano daga wani naman kamfani ne da ake sayarwa a leda, ana ajiye shi a firij. Masu saye ba su ga alamar komai a jikinsa ba.

Haka nan wasu kifayen teku masu maiƙo, irin wanda muke kira titus, in suka daɗe ba ƙanƙara, bakteriya na tara wani sinadari a tsokarsu da ke sa jan fuska, da ƙaiƙayi, da ciwon kai jim kaɗan bayan an ci. Suya ba ta cire shi, kuma ba lallai ne kifin ya yi wari ba.

Masu neman hancin da ya fi namu

Tunda kowace ƙwaya tana fitar da nata sinadaran a iska, masana suka ce me zai hana a kama ta ta wannan hanya? Yadda aka saba a ɗakin gwaji shi ne a ɗebi abincin a shuka ƙwayar a faranti, a jira ta tsiro a gane ta. Wannan yakan ɗauki kwanaki, kafin nan an sayar da abincin an cinye. In kuwa iskar da ke saman abincin za a gwada, ba sai an jira haka ba, ba sai an ɓata abincin ba.

A shekarar 1982 wasu masana biyu a Jami'ar Warik ta Ingila, Kirishna Fasod da Joj Dod, suka bayyana na'urar da ke kwaikwayon hanci. Yau ana ce wa irinta hancin lantarki. A cikinta akwai jerin ƙananan majiya, kowace da irin sinadarin da ya fi motsa ta. In iskar abinci ta bi ta kansu, wannan ta motsa sosai, waccan kaɗan, wata ko gezau. Sai kwamfuta ta haɗa duka ta kwatanta da waɗanda aka koya mata a baya, kamar yadda uwa ke gane takun ɗanta a zaure ba tare da ta gan shi ba. Misali, yawancin Ikolai suna fitar da wani sinadari da ake kira indol, wanda yana cikin abin da ke ba bayan gida warinsa, ita kuwa Salmonela ba ta fitar da shi. Da irin wannan bambanci ake rarrabe su. Wasu masanan kuma suna gwada takarda mai ɗigo-ɗigon rini da ake mannawa cikin ledar nama ko kifi, wadda ke sauya kala in sinadaran lalacewa suka fara tashi.

Ba na'ura kaɗai ba. A garin Morogoro na Tanzaniya, wata ƙungiya mai suna APOPO tana horar da gafiya, irin wadda muka sani, ta shinshina majinar marasa lafiya ta nuna wadda ke ɗauke da ƙwayar tarin fuka. Wannan ba ciwon abinci ba ne, amma ya nuna mana cewa ƙwayar cuta tana da warinta ko da hancinmu bai kai ya ji ba.

To me ya hana a kawo mana na'urar kasuwa? Abinci da kansa yana da ƙamshi iri-iri. Ku tuna tukunyar miya mai daddawa da albasa da kifi, a ce a tsinto warin 'yan ƙwayoyi kaɗan a cikinta. Laima da zafi suna rikita majiyar, kuma tana sauya hali in ta tsufa, sai an riƙa sake saita ta. Shi ya sa har yanzu yawancin aikin yana ɗakunan bincike da manyan masana'antu. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne: in masu na'ura ma suna shan wuya kafin su ji warin ƙwayar cuta, kada mu ce hancinmu ya wanke abinci.

In ba hanci ba, da me za mu auna?

Da lokaci, da zafi, da tsafta. Ga dalili. In bakteriya suka samu abinci mai laima da ɗumi irin na jikin mutum, wasunsu kan rabu biyu duk minti ashirin. Guda ɗaya da ƙarfe bakwai na safe, kafin ƙarfe biyu na rana ta haura miliyan biyu. Sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi, kuma zafin bazararmu yana tsakiyar wannan.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Hukumomin abinci na Amurka ma sun ce in zafin gari ya wuce digiri 32, awa ɗaya ce. Na san za ku ce, yarinya ta fita talla da hantsi sai azahar, ina awa biyu? Gaskiya ne, da wuya. Amma ga abin da za mu iya:

1. A raba girki biyu, na safe da na rana, maimakon tukunya guda ta wuni. Itace zai ɗan ƙaru, kwantai zai ragu.
2. Abin da ake sayarwa a gida ya zauna a kan garwashi yana tururi. Na talla a zuba shi da zafinsa cikin kula da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a rufe, a riƙa ɗiba da cokali.
3. Kada a zuba sabon girki a kan ragowar tsoho. Tsohon zai shafa wa sabon.
4. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba kafin girki, bayan an fito bayan gida, bayan an yi wa yaro tsarki, bayan an taɓa ɗanyen nama. Mai ƙurji ko rauni a hannu, ko mai gudawa, ta ba wata ta cura fura ranar.
5. Wuƙa da faranti na ɗanyen nama daban, na abin da ba za a dafa ba daban. In guda ne, a wanke da sabulu a tsakani.
6. Nama da kaza da ƙwai su dahu har ciki, ba sauran ja ko ruwan jini. Madara a tafasa ta kafin a zuba mata tsohon nono ta kwana.
7. Zoɓo, kunun aya da ruwan dama fura, a yi su da tafasasshen ruwa ko wanda aka sa wa maganin tsabtace ruwa. Robar da aka tsinto a wanke ta da sabulu da ruwan zafi. Ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, a sa ta a bayan roba, kada a jefa ta ciki.

Maganar ɗumame fa? Ba zan ce a daina ba, don na san halin da ake ciki. A tafasa miya da dare a rufe, kada a sake sa mata hannu ko ludayi, da safe a sake tafasa ta sosai, tuwon ma ya yi zafi har tsakiya. Sau ɗaya ake ɗumamawa. Wannan yana rage haɗari, bai kawar da shi ba. Saboda haka jariri, da mai ciki, da tsoho, da mara lafiya, a yi ƙoƙari a ba su sabo. Shinkafar da ta kwana a waje lokacin zafi kuwa, ba ta sayarwa ba ce.

Lissafin kwantai

Abin da ke sa mu sayar da abin da zuciya ba ta kwanta da shi ba, ba mugunta ba ce, tsoron karyewar jari ne, ga ranar biyan rance tana matsowa. To mu yi lissafi. A ce misali mace ta yi girkin naira 10,000, na naira 1,500 ya yi kwantai. In ta zubar, asararta 1,500. In ta ɗumama ta sayar, yara uku na maƙwabta suka kwana suna amai, ƙauye ba a ɓoye labari. A ce ciniki ya tsaya mata mako guda, ribar kwana bakwai ta tafi, ban da kunya. In ɗanta ne ya ci, ga kuɗin mota zuwa asibiti, ga na magani, ga kwanakin jinya ba sana'a. Ƙarshenta sai ta dawo neman taimako daga asusun gaggawa na ƙungiya, wanda kuɗinmu ne mu duka.

Shawarata uku ce. Na ɗaya, kowace mai sayar da abinci ta yi mako biyu tana lura da yawan abin da ke ragewa kowace rana. Wadda ba ta rubutu ta jefa tsakuwa a gwangwani. In ta ga kullum Talata ana kwantai, ta rage awon Talata. Na biyu, in za ki yanke farashi ki sa ɗan kason asara a ciki, kamar yadda kike sa kuɗin itace da mai. Na uku, in kin ga ciniki ya ja baya, ki karya farashi ko ki ciyar da gida tun abincin yana da zafinsa, kada ki jira dare. Abin da ba za ki ba ɗanki ba kuma, kada ki miƙa wa almajiri da sunan sadaka. Shi ma ɗan wata ne, kuma in ya kwanta ba mai jinyarsa.

Aikin da za a yi tare

Mai gudanarwa ta zagaya da kwanuka huɗun a rufe. Kowace mace ta rufe ido ta shinshina ta faɗi abin da ke ciki. Ba a ci, ba a ɗanɗanawa. Daga nan a tambaya: wanne ya fi wari? Wanne ya fi haɗari? Yawanci za a nuna daddawa a tambayar farko. A bar mata su tattauna har su gano da kansu cewa shinkafar safe, wadda ba ta da warin komai, ita ce abar tsoro.

Sai a ajiye ƙwayar masara ɗaya a faifai. A ce minti ashirin sun wuce, a mayar da ita biyu, sai huɗu, sai takwas, a ci gaba. A ninki na shida, wato awa biyu, an kai 64. A ninki na tara, awa uku, an kai 512. A tsaya nan a tambaya: abincinki awa nawa yake yi kafin a sayi na ƙarshe?

Tambayoyin tattaunawa

1. A sana'arki, wane abinci ake taɓawa da hannu bayan an sauke shi daga wuta? Da me za a maye gurbin hannun?
2. Mata biyu masu sana'a iri ɗaya za su iya raba lokaci, ɗaya ta yi girkin safe ɗaya na rana?
3. Ƙungiya za ta amince a ba da ƙaramin rance don sayen kula, ko bokiti mai famfo na wanke hannu?

In an riga an ci

Mai amai da gudawa ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, shi ne kuma ke kisa, musamman ga yara. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Na leda da ake samu a asibiti ko kemis ya fi, a haɗa yadda aka rubuta. In babu, a samu tafasasshen ruwa da ya huce lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, ko mutane da yawa sun kamu lokaci guda, a garzaya asibiti, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da aka ci. Mai sayarwa ta dakatar da sayar da ragowar.

Abin da za a tafi da shi gida

In ya yi wari ko yauƙi ko ya sauya kala, a zubar. In bai yi ba, a tambayi kai: tun yaushe aka sauke shi, a ina ya zauna, hannun wa ya taɓa shi? A zama mai zuwa kowace mai sayar da abinci ta zo da lissafin kwantanta na mako, mu duba tare. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mana iyalanmu.